Muryar Matta a Kaset

Liatu ta diro daga motar Malumfashi tun ba ta gama tsayawa ba, kaset a ƙulle a bakin zane, ɗanta Ishaya, saurayi, na biye da ita. Ba ta tsaya gaishe-gaishe ba sai rumfar Malam Shitu mai gyaran rediyo a kasuwar Funtua.

"Malam, mijina ne a ciki. Ka fito mini da shi!"

Mijinta Matta ya rasu Ishaya yana goye. Jiya wani abokinsa na Kafur ya tono kaset ɗin da ya ɗauke shi yana waƙa a wata Kirsimeti, Liatu kuwa ta kwana tana murna: yau ɗanta zai ji muryar ubansa.

Malam Shitu ya danna rikoda. Wata siririyar murya ta ɓarke da gudu, tsit-tsit kamar ta ɗan tsako. Masu jiran gyara suka tuntsire da dariya, har da Liatu.

"Wallahi ba haka yake ba! Mutum ne mai murya!"

"Na yarda, Maman Ishaya. Batir ne ya yi sanyi ranar da aka ɗauka, kaset ya juya a hankali. Yanzu da yake gudu daidai, sai muryar ta haye sama. In na rage wa injin gudu za ta sauko, amma ni ban san shi ba. Ke za ki ce mini tsaya."

Ya kwance bayan rikodar ya zura sukudireba. Muryar ta fara saukowa, ɗan tsako ya zama yarinya, yarinya ta zama saurayi. Nan da nan rumfa ta cika, kowa ya zama gwani, har mai rake da bai taɓa jin sunan Matta ba yana ihu, "Ƙara! Saura kaɗan!"

"Nan!" in ji Liatu, tana tafi. Sai kuma ta ce, "A'a, ƙasa kaɗan. Kai, ya yi yawa, koma."

Suka sauka, suka hau, suka sake sauka. Dariyarta ta ɗauke. Tsoro ya kama ta, don ta gane muryar da take rantsuwa da ita shekara da shekaru ta ɓace mata a kunne. Ko wacce aka tsaya a kai, sai ta ji kamar shi, kamar ba shi ba.

Ishaya ya ga fuskarta, ya sunkuyo.

"Mama, ki bari haka nan. Kowacce ce, na gode."

Liatu ta juyo ta zuba masa ido kamar yau ta fara ganinsa. Muryar da take nema ce ta fito daga bakinsa. Ta damƙe hannunsa.

"Malam Shitu, kama sukudirebanka. Kai kuma Ishaya, ci gaba da magana. Kada ka yi shiru sai babanka ya iso inda kake."