Ranar da Aka Share Gidan Makcik Rokiah

Tun da ruwan sama ya kankama a unguwar Cheras, can ƙasar waje, Nuriyya ba ta ƙara cin abincin rana da daɗi ba. Da hadari ya fara haɗuwa bayan azahar sai ta ajiye cokali, ta je ta manna kunnenta a bangon falo. Bango ɗaya ne ya raba gidansu da na Makcik Rokiah, irin gidajen nan da aka jera kafaɗa da kafaɗa, kuma ta cikinsa take jin katakon rufin maƙwabciyar yana kuka, ƙiii, kamar tsohon gado. Gobara ta cinye rabin rufin. A ƙarƙashin rabin da ya rage kuwa tsohuwa tana nan zaune, ta ƙi fita.

Makcik, haka ake ce wa inna a ƙasar. Lokacin da Nuriyya ta biyo mijinta Muttaka, wanda ya zo karatun digiri na uku, da tsohon ciki ta sauka, ba uwa ba ƙanwa. Wannan tsohuwar ce ta tsaya mata a jego. Ta dafa mata ruwan ganye, ta ɗaure mata ciki, ita ta fara yi wa jaririyar, Fiddausi, wanka. Ba ta jin Hausa ko "zo in kashe ki", Nuriyya kuma abin da ta iya na yaren garin bai wuce na cefane ba, amma da gutsuren Turanci da nuni da hannu suna hira har su manta tukunya a wuta.

Ranar gobarar, da hantsi wutar ta tashi daga kicin. 'Yan kwana-kwana suka kashe ta, suka ɗaure ƙofar da wata doguwar leda rawaya, aka wuce da tsohuwa asibiti saboda hayaƙin da ta shaƙa. Nuriyya ta leƙa ta ga toka da baƙin ruwa har idon sawu, zuciyarta ta ƙi ɗauka. A can ƙasarsu, wa ya taɓa barin mai gobara ya dawo ya tarar da tokarsa? Ai jaje ba a baki kawai ake yinsa ba. Ta buga wa Barira waya, wadda ke dafa wa ɗalibai tuwo a unguwar Sri Petaling, macen da in ta ce a taru to an taru.

Washegari mata suka cika layin da tsintsiya da bokitai. Barira ta dubi ledar ƙofa ta taɓe baki.

"Wannan don yara aka ɗaura. Mu yara ne?"

Ta ɗage ta, aka shiga. Kai, an yi aiki ranar! Aka kwashe ƙonannen murhu da tukunyar gas da wayoyin lantarkin da suka narke, aka loda wa motar shara. Aka dirje bango da omo, aka wanke ƙasa har tana ɗaukar ido. Daga ƙarshe Nuriyya ta ɗauko kaskonta, ta zuba garwashi, ta barbaɗa turaren wutar da mahaifiyarta ta aiko mata, wanda ko ɗakinta ba ta sa wa sai Juma'a, don ya kori ƙaurin.

A haka mutumin kamfanin inshora ya same su. Ya zo ne ya ga inda wutar ta faro, ko waya ce ko gas, don da wannan ake yanke biyan kuɗin gyara. Sai ya tarar da fili fes, ga garwashi yana ci a tsakiyar gidan da ya ƙone. Nuriyya, baiwar Allah, har da murmushi ta tarbe shi, tana jiran sannu da aiki. Ya durƙusa ya ɗauki hoton kaskon.

Kamfani ya riƙe kuɗin. Suka ce an kawar da shaida, ba za su biya ba sai sun gano dalilin wutar, kuma kada a gyara, kada a rushe, har sai an gama bincike. Nuriyya ta ja Muttaka suka je ofishin, suka faɗi gaskiya tiryan-tiryan. Jami'in ya saurare su, sannan ya tambaya wa ya biya su kuɗin aikin. Suka ce ba kowa. Ya sake tambaya, a hankali, yadda ake yi wa wanda bai gane ba. A hanyar dawowa Muttaka ya yi ta share gumi.

"Kin ga, bai yarda ana yin wannan kyauta ba. Please, Nuriyya, mu tsaya a nan. They think we are hiding something."

Makcik Rokiah kuwa tana fitowa daga asibiti ta koma ɗakinta na gaba. Ɗanta da ke aiki a wani gari mai nisa ya yi roƙon duniya ta bi shi, ta ƙi. Ta ce a gidan nan mijinta ya cika, kuma in ta tafi za a ce ta bar gida ya zama kango, kuɗin ya bi ruwa. Ko sau ɗaya ba ta ɗora wa Nuriyya laifi ba, abin da ya fi ci wa Nuriyya rai ke nan. Da zaginta ta yi, da ta samu sauƙi.

Tsoro ya zauna mata a ƙirji. In ta yi sujada, kunnenta na bango. In mota ta wuce da ƙarfi sai ta zabura. Kullum katakon sai ya sha ruwa ya kumbura, rana ta fito ya bushe ya tsage, kuma kullum kukansa ƙara tsawo yake yi. Ta san in rufin nan ya sauko kan tsohuwa, tsintsiyarta ce ta sauko da shi.

Wata Talata bayan la'asar, Muttaka yana makaranta, aka tsuge da ruwa irin wanda ba a ganin gidan tsallake. Tana goye da Fiddausi ta ji wani abu ya ce tas a cikin bango, sai yashi ya zubo daga silin ɗinsu. Ta tsaya tana jujjuyawa. Ba wanda za ta bar wa yarinyar, kuma ba lokacin neman wani. Ta fita da gudu ba takalmi.

Ta sami tsohuwa a kujerarta, da carbi a hannu, kwanoni da robobi kewaye da ita suna tarar yoyo. A samanta babban katakon ya lanƙwaso, baƙi ƙirin, ruwa na bin jikinsa.

"Makcik, tashi! Don Allah tashi, zai faɗo!"

"Tak apa," in ji tsohuwa, wato ba komai. "Kullum haka yake yi."

Nuriyya ta kama hannunta ta ja, tsohuwa ta riƙe kujera gam. Wa ya ce tsufa na rage ƙarfi? Katakon ya sake yin ƙara, wani ɓangaren sili ya faɗo bayan kujerar ya tarwatse. Fiddausi ta tsala ihu. Sai a lokacin tsohuwa ta lura da goyon, idanunta suka fito.

"Kin haukace? Fita da yarinyar nan!"

Nuriyya ta so ta fita, wallahi ta so. Amma ta san in ta juya baya shi ke nan, tsohuwa ba za ta fito ba. Ta kwance zanen goyon, ta ɗora Fiddausi a cinyar tsohuwa, ta zube a ƙasa cikin ruwa.

"Ƙafafuna sun ƙi, Makcik. Ke ki fitar da ita."

Tsohuwa ta dube ta, ta dubi rufin. Ta faɗi wata magana da yarensu wadda ba sai an fassara ba, ta rungume yarinyar, ta miƙe. Nuriyya ta bi ta da rarrafe, tana jin kowane taku na tsohuwar kamar ba zai ƙare ba. Sun kai bakin titi ke nan gidan ya yi wani dogon nishi, rufin ya zauna a kan kujerar da kwanonin gaba ɗaya.

Kafin magariba labari ya zaga. Sai ga Barira da mata sun sauko daga mota, kowacce da tsintsiyarta. Nuriyya ta tare hanya ta buɗe hannuwa.

"Kada wadda ta taɓa ko tsinke!"

Suka tsaya cirko-cirko. Makcik Rokiah tana zaune a barandar Nuriyya, an lulluɓe ta da atamfa, har yanzu ba ta saki Fiddausi ba. Ta daɗe tana kallon inda ɗakinta yake ɗazu. Can ta kai bakin atamfar hancinta ta shaƙa.

"Irin turaren da kika sa wa gidana ne?"

Nuriyya ta gyaɗa kai, ta kasa ɗaga ido.

"Kun yi masa wanka, kun sa masa turare," in ji tsohuwa. "Mu ma haka muke yi wa mamatanmu kafin a fita da su."

Nuriyya ta durƙusa ta kifa fuskarta a gwiwar tsohuwar, kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ƙwace mata.