Mai Fito Bai Mutu a Illela Ba

A zamaninmu Illela ba ta da gidan sinima. Sai a Ƙonni, ƙetaren iyaka. Marigayi Hamidu mai gyaran rediyo ne ya sayo tsohon majigi a can, da fim ɗin Indiya guda ɗaya cikin gwangwanaye biyar. Ya ɗauro su a bayan keke. Ruwa ya dake shi a hanya, takardun da aka manna wa gwangwanayen suka saɓule. Ya jera su yadda hankalinsa ya ba shi. Haka ya dinga haska mana fim ɗin a jikin farin ƙyalle, bayan kasuwa, shekara da shekaru.

Sunansa na asali ba wanda ya riƙe. Mu Mai Fito muke ce masa. Baƙi da fari ne. Labarin wani saurayi ne mai ƙetarar da mutane kogi, da wata yarinya mai sayar da fitilun yumɓu a bakin gaɓa. Ni mutumin Kalmalo ne, cikin kwalekwale na girma. Da na ga yadda saurayin ke riƙe filafilin tuƙi, na san ba ƙarya yake ba. Daga nan na yarda da fim ɗin.

Amma rabin daɗinsa Attahiru ne, abokina, fatoma mai saukar da fataken goro. Shi ke tsayawa gefen ƙyallen da sanda yana yi wa kowa magana da Hausa. Bai taɓa zuwa Indiya ba, bai san yarensu ba. Fuska yake karantawa. In yarinyar ta buɗe baki sai ya siranta murya, in sarkin ruwa ne sai ya yi kauri. Har daga Gidan Katta ake zuwa a kan jakuna don a ji shi.

Akwai wurin da kowa ke jira. Ambaliya ta zo, kwalekwale ya kife, Mai Fito ya nutse. Yarinyar ta kunna fitila ta ɗora bisa ruwa. Mata na sharar hawaye. Hamidu ya sauya gwangwani. Ƙyalle na yin haske, sai ga Mai Fito da farin rawani, furanni a wuya, ana kiɗan bikinsu. Attahiru ya ɗaga sanda ya ce, "Kogi ya ce ba shi cin wanda ya yi mishi hidima! Ga abinku nan!" Sai wuri ya kaure. Har yau in mutum ya tashi daga ciwo mai tsanani, tsofaffin garin nan cewa suke ya yi fitar Mai Fito.

Majigi ya mutu. Hamidu ya rasu. Zafi ya narkar da abin da ke cikin gwangwanayen. Attahiru ya tsufa, ƙafafu suka ƙi, ya koma zaman zaure. Buri ɗaya ya rage masa, kullum shi yake faɗa: ya sake ganin Mai Fito kafin a kira shi.

Akwai Bashar, mai shagon tura finafinai a waya kusa da tasha. Matashi ne, amma tsofaffin finafinai yake so, na Indiya da na Masar da na Turawa. Ya ji siffar fim ɗin a bakin Attahiru, ya aika wa wani abokinsa a Ƙonni. Ran nan ina rumfata ina gyara busasshen kifi ya zo ya durƙusa.

"Baba Sufyanu, mun samo shi. Amma na kalla, akwai magana."

Na ce, "Mi?"

"Bikin ba a ƙarshe yake ba. A tsakiya yake. Ya yi aure, daga baya ruwa ya ci shi. A nan fim ya ƙare."

Na ajiye kifin. Na gane abin da ruwan sama ya yi wa Hamidu. Na ce wa Bashar kada ya nuna. Abu ɗaya aka san Attahiru da shi a duniya, ba za a ƙwace masa shi gaban yara ba. Bashar ya sunkuyar da kai ya ce Safiyya, jikar Attahiru, ta riga ta kai masa albishir, kuma rabin unguwa ta ji.

Bayan la'asar aka kawo talabijin da batir, aka aza bisa benci, Bashar ya haɗa da wayarsa. Zaure ya cika, wasu a tsaye a waje. Na zauna kusa da Attahiru, na ɓoye masa abin da Bashar ya gaya mini.

Safiyya ta miƙa masa sandarsa tana dariya. "Angona, yau za mu gani in da gaske kana jin Indiyanci."

"Rufe min baki, amarya. Tun ba a haifi ubanki ba nike magana da bakin matan da sunka hi ki kyau." Ya nuna ƙasan talabijin. "Wanga rubutu na mi ne?"

Bashar ya ce Faransanci ne.

"A rufe shi."

Aka jingina kwali. Kogin ya fito, baƙi da fari, tas kamar jiya aka ɗauke shi. Attahiru ya gyara zama, murya ta dawo masa. Ya yi saurayin, ya yi yarinyar, ya yi wani attajiri mai tumbi da ke tsoron ruwa, har yaran da suka zo da niyyar tsokana suka manta da wayoyinsu.

Sai kiɗan biki ya tashi. Ga farin rawani, ga furanni, ba ambaliya, ba nutso.

Sandar ta tsaya a sama. Wani saurayi a bakin ƙofa, Mukhtar, ya yi 'yar dariya. Na dube shi, ya haɗiye ta. Can Attahiru ya sauke sandar, ya ci gaba da fassara bikin a matsayin biki kawai, murya ƙasa ƙasa. Bai tsallake ko jimla ɗaya ba. Ambaliya ta zo a lokacinta. Kwalekwale ya kife. Yarinyar ta ɗora fitila bisa ruwa, fitilar ta yi ta nisa tana ƙanƙancewa, allo ya yi baƙi. Babu wani gwangwani.

Ba wanda ya motsa. Safiyya ta dafa gwiwarsa. "Kaka."

"Ashe ya mutu," in ji shi. Sannan ya ce, "Bashar, mai da ni wurin biki. Inda uwar ango ke ba ta kyauta."

Bashar ya mayar, ya tsayar da hoton.

"Ku duba bakin fitilag ga. Kun ga ɓallin? Ita ce ta aza bisa ruwa. Shekara da shekaru ina mamakin yadda ta dawo hannunta, har nike cewa kogi ya maido da fitilar ma." Ya yi dariya har ya yi tari. "Kai! Wanda ya yi wanga fim gwani ne. Ya ba ta fitila ranar murna don ta ƙona mu ranar baƙin ciki. Zuciyarshi ta hi tawa ƙarfi. Allah shi jiƙan Hamidu, ya ɓoye mana aikin mutum."

Na duba da kyau. Ɓallin na nan. Ni ban taɓa lura da shi ba.

Mukhtar ne ya yi magana daga bakin ƙofa, wannan karon ba dariya. "Baba, na Indiya mun gani. Na Illela ne ba mu taɓa gani ba, labari kawai muke ji."

Attahiru ya dubi Bashar. "Abinka na iya sa ambaliya gaban biki?"

"Yana iyawa, Baba."

"Sufyanu, kama ni. Ba a yin wagga magana a zaune."

Na kama damtsensa ya miƙe. Ba nauyi a jikinsa. Ruwa ya sake cin Mai Fito, fitila ta sake tafiya. Bashar ya taɓa wayarsa, allo ya yi haske, ga farin rawani. Attahiru ya ɗaga sanda har ta bugi azarar zaure.

"Kogi ya ce ba shi cin wanda ya yi mishi hidima! Ga abinku nan!"

Safiyya ce ta fara rangaɗa guɗa.