Safar da Ba Ta Yi Datti Ba

Duk wanda ya ga direban nan yana ba matarsa shayi da cokali sai ya rantse tun asali ma'aikacin jinya ne. Zai hura shayin, ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji zafinsa, sannan ya kai mata baki yana goge mata haɓa da gefen tawul. Alhali kafin ta kwanta, mutumin nan ko inda ake ajiye sukari a gidansa bai sani ba. Rayuwarsa a kan titi ya yi ta, yana jan babbar motar kamfani daga wannan gari zuwa wancan, ya dawo ya sauke gajiya ya sake ficewa. Matar ce ta riƙe gida da keken ɗinkinta, ta raini yara har kowa ya kama gabansa. Shi nasa dai ya zo ya tarar da kaya a goge.

Wata safiya hawan jini ya kayar da ita a gefen keken, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo sannu a hankali har ta ajiye sanda, magana ma ta daidaita. Hannun ne ya ƙi. Yana ɗagawa kaɗan, yatsun suna motsi kamar an yi masu dole, amma su kama abu su riƙe, wannan kam sun ƙi. Ita kuwa ba ta da burin da ya wuce ta sake zama gaban kekenta. An lulluɓe shi da zane a kusurwar ɗaki, kuma sau da yawa yakan kama ta tana kallonsa.

Direba ya ɗauki hutu, hutun ya ƙare ya roƙi ƙari. Manaja yana ta kira yana tambayar yaushe zai dawo, don ba za a bar mota a kafe har abada ba. Shi kuma yana ta ba shi haƙuri. Gaskiyar magana, jinyar tana yi masa daɗi a rai. Yana ganin ga dama ta samu da zai rama wa matar nan hidimar da ta yi masa tun ƙuruciya, kuma ya ɗauki abin da zafi irin na sabon shiga.

A sashen gashi na asibiti, inda ake motsa gaɓoɓin da suka shanye, akwai wata likita, budurwa mai gilashi, wadda ba ta iya zagaye-zagaye ba in tana magana. Ita ta ba su labarin binciken da suke yi kan masu shanyewar hannu. Ta ce ƙwaƙwalwa ma tana da lalaci: in ta ga hannu ɗaya yana biyan buƙata, sai ta manta da ɗayan. Don haka suke gwada ɗaure lafiyayyen hannun cikin wata safa mai kauri, marar yatsu, mai kama da ta 'yan dambe, daga safe har yamma, don a tilasta wa mai ciwon yin aiki. Ci, sha, ɓalla maɓalli, tsefe kai, duk da shi za a yi. Ta kuma ja masu kunne cewa watannin farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara, in suka wuce abin yakan yi wuya.

Direba ya gyaɗa kai, har da cika baki cewa shi mutum ne mai bin doka, bai taɓa tsallake jar danja ba.

Ranar farko a gida ta ishe shi. Ya ɗaura mata safar a hannun hagu, ya ajiye mata shinkafa, ya koma gefe. Cokali ya suɓuce, ta ɗauka, ya sake suɓucewa. Wanda ya kai kusa da baki ya zube mata a ƙirji. Da aka zo kan maɓallin riga, ta yi ta kokawa da shi har gumi ya keto mata, ƙarshe ta sunkuyar da kai ta fashe da kuka. Matar da ta ɗinka maɓallai ba adadi a rayuwarta, ga ta nan guda ɗaya ya gagare ta. Tausayi ya cika shi. Ya kwance safar ya ce yau dai a huta, gobe a fara da kyau.

Goben ba ta zo ba. Safa ta samu wurin zama a ƙusar bayan ƙofa, kusa da makullai. Kuma da yake shi ba ya yin abu rabi da rabi, ko hannun hagun bai bari ta wahalar ba. Shi ke ba ta abinci, shi ke ɓalla mata maɓalli, shi ke riƙe mata kofi. Ranar zuwa asibiti sai sun kusa ƙofa yake ɗaura mata safar, su shiga kamar mutanen kirki.

Haka aka yi ta tafiya har ranar awo ta zo. Ɗakin gashin cike yake kamar kullum: wani yana koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu, wata tana matsa ƙwallon roba tana cije leɓe, ga babban madubi da ba ya ɓoye wa kowa komai. A kan benci waɗanda ake binciken a kansu suna jere, kowa da safarsa. Ta wani tsohon malamin makaranta ta yi baƙi ƙirin, ga tabon mai, ga na tawada, bakinta har ya fara yagewa. Ya leƙa ta matar direba, fara sol kamar yau aka ciro ta daga leda, ya yi dariya ya ce lalle wasu sun iya wanki, a taimaka a gaya masa sunan sabulun. Direba ya yi yaƙe, ya sha jinin jikinsa.

Aka shiga da ita ɗakin awo. Likita ta manna mata wasu 'yan ɗigo masu ƙyalli a kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu, don kyamara ta bi motsinsu. Aka ba ta ƙananan katakai ta kwashe daga wannan akwati zuwa wancan. Abin da ta kwasa bai fi na ranar farko ba. Aka ajiye mata kwano da cokali aka ce ta ci. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa suna ƙaiƙayi.

Da aka gama, likita ta ce Mama ta ɗan huta a waje, ta kira shi gaban kwamfuta ta kunna masa hoton a hankali. Ga matarsa, ga kwano an ajiye. Ɗigon da ke hannunta ko gezau bai yi ba. Kanta ne ya juya wajen ƙofa inda yake tsaye, bakinta ya ɗan buɗe, tana jiran cokali.

"Baba, kalli nan," in ji likita. "Da ta ga abinci, ba hannunta ta nema ba. Kai ta nema."

Ya so ya yi musu, ya ce ai suna bakin ƙoƙarinsu, amma ga hoton nan a gabansa. Likita ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce yatsu biyu na ƙarshe sun fara ƙandarewa, kuma ba za ta yi masa alkawarin za su buɗe ba. Zura zare a allura wataƙila ya riga ya wuce. Sauran hannun akwai fatan samun sauƙi, in aka tashi tsaye yanzu. In kuwa awo na gaba ya fito haka, dole ta cire ta daga binciken, don ba za ta rubuta cewa safa ba ta aiki ba alhali ba a sa ta ba.

"To laifi ne mutum ya taimaki matarsa?" in ji direba.

"Ba laifi ba ne, Baba. Amma duk cokalin da ka ɗaga mata, nata ne ka karɓe."

A hanyar gida kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe shi. Shi da yake ganin gyara yake yi, ashe da hannunsa yake rufe mata hanyar komawa kan keken nan.

Da rana ya ajiye mata abinci, bai kwance safar ba. Ya ja kujera ya zauna nesa kaɗan. Ta dube shi, ta dubi kwano, ta ɗago masa safar. Ya girgiza kai, ya gaya mata duk abin da likita ta ce, bai rage ba, har batun allura. Ya ɗauka za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon keken da ke lulluɓe.

"Baban yara, ka ɗauka ban sani ba? Tun ranar farko na san abin da muke yi."

"To don me ba ki hana ni ba?"

"Tun ina amarya nake jin ƙarar motarka tana tafiya. Na haihu kana hanya, na yi jinyar yara kana hanya. Sai da hannun nan ya mutu ka zauna kusa da ni. Ina jin manajanka yana kira. Ranar da na iya ɓalla maɓallina, kai kuma ka kama hanya."

Bai taɓa jin magana ta doke shi haka ba. Ya ce mata ba haka ba ne, ta ce to yaya ne. Alhali shi kansa a ransa haka ya tsara: ta warke, ya koma bakin aiki. Me zai ce? Abincin ya huce a gabanta, ba ta taɓa ba, shi ma bai ba ta ba. Ranar nan gidan ba daɗi.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi muni. Yakan ɗaura mata safar da safe da niyya mai ƙarfi, amma da kofi ya karkata a hannunta sai ya ga nasa hannun ya riga ya tare. Hannun direba ne, ya saba kai ɗauki kafin kai ya yi tunani. Ya gwada zama a kan tafukansa, ya gwada fita tsakar gida, amma da ya ji ƙarar cokali a ƙasa ya dawo da gudu. Ita kuma ta daina ko gwadawa. Sai ta ajiye hannun a cinya ta zuba masa ido, ta san ba zai jure ba. A nan manaja ya aiko da saƙon ƙarshe: zai kira ranar Asabar da safe, ko ya karɓi mota ko a ba wani.

Ana gobe Asabar ya koma asibiti shi kaɗai. Ya samu likita tana naɗe bandeji, ya ce safa yake so, guda biyu, daidai hannunsa. Ta fara dariya, da ta ga fuskarsa sai ta daina. Ta buɗe kabad ta ba shi manya.

Da safe ya dafa shayi, ya yanka burodi, ya jera komai a kan tebur. Ya ɗaura mata tata. Ya zura hannunsa na hagu cikin ɗaya, ya ja maɗaurin ya manne. Ya zura na dama cikin ɗayar, sai maɗaurin ya tsaya yana lilo, don ba sauran yatsun da za su kama shi. Ya miƙa mata hannun.

"Ɗaure min."

"Wannan kuma wane irin wasa ne?"

"Ni na kasa hana kaina. Ke za ki hana ni."

Ta ɗaure fuska, ta kau da kai. Shi kuwa bai janye hannun ba, ya bar shi a miƙe har kafaɗarsa ta fara zafi. Can dai ta ɗago nata daga cinya. Yana rawa, yatsu biyun nan a naɗe kamar an ɗinke su da tafin. Babban yatsa da manuni suka kama bakin maɗaurin, ya zame. Ta sake kamawa, ya sake zamewa. Yana jin nasa yatsun suna mutsu-mutsu cikin safa suna neman hanyar fita. Daga baya ta ja shi da ƙyar ta manna a karkace, rabinsa a waje. Duk ta haɗa gumi.

Ba su gama sauke numfashi ba waya ta ɗauki ƙara a can ƙarshen tebur. Sunan manaja ne a fuskarta. Aikin nan shi ya sani tun yana saurayi, kuma a shekarunsa ba wanda zai sake ba shi mota. Tana kallonsa. Da haƙori ma zai iya ɓalle maɗaurin nan da aka manna a karkace, kuma dukansu sun san haka. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur ya bar su a nan.

Wayar tana ta ƙara. Matar ta miƙa hannun dama, ya wuce kofi, ya wuce farantin burodi, nisan da bai taɓa kaiwa ba tun da ta faɗi. Ya ɗauka tura masa za ta yi. Sai ta sa gefen hannun ta ture wayar a hankali har ta faɗa kan tabarma, ta ci gaba da ƙara a can ƙasa har ta gaji ta yi shiru.

Hawaye yana gangaro masa, ba hannun sharewa. Ita kuma ta dawo da hannun, ta lallaɓa ta kama cokali, ta tsoma a shayin da ya riga ya huce. Rabi ya zube a hanya, ya ɗiga a kan farar safarta ya bar tabo. Sauran rabin ya kai bakinta.