Kabari Na Huɗu

"Yaro, ka tabbata nan ne?" in ji Malam Isah, mahaifin marigayi Khamisu, yana duban rana. Motar da za ta mayar da shi Ɗandume ba ta wuce azahar, ga shi sha ɗaya ta gota.

Hadi bai tabbata ba. Ranar da aka binne Khamisu, shi yana kasuwar Idumota sayen kayan gyaran waya, motar haya ta danfo ta riƙe shi a Oshodi har aka watse. Yau kwana goma sha biyu, ruwan Legas ya daidaita kaburburan makabartar Agege, kowanne ya zama ɗan'uwan na kusa da shi. Tsoho Alu mai haƙa kabari kuma ya tafi gida ganin iyali. Abin da ya rage wa Hadi kawai shi ne manhajar da mamacin ya rubuta da hannunsa.

Shekara uku ɗakunansu na jingine da juna. Khamisu dako yake yi a kasuwar Mile 12, da yamma ya miƙe ƙafa a tabarma yana koya wa kansa rubuta manhaja da wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi. 'Yan gidan haya suna kiransa Oga Injiniya, ba don girmamawa ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne mutanen da ke zuwa daga Arewa neman kabarin nasu, a yi ta zagaye da su har su haƙura. Sai ya shirya wa Alu abu mai sauƙi: in an binne mutum, Alu ya faɗi suna ya danna, waya ta ba kabarin lamba da kanta. Tarin da ya kwantar da shi bai hana shi aikin ba.

"Ka huta mana," Hadi ya ce masa a makon ƙarshe.

"Abeg, bar ni in gama. Hutun yana nan zuwa."

Yanzu wayar ta nuna: layin bakin katanga, lamba huɗu. Hadi ya ƙirga huɗu da yatsa, ya ce nan ne. Tsohon ya cire takalmi ya durƙusa. Ya daɗe yana addu'a, sannan ya buɗe gorar ruwan rijiyar gidansu, wanda uwar Khamisu ta ba shi, ya fara yayyafawa.

A nan ne abin ya faɗo wa Hadi a rai. Ya tuna Khamisu yana dariya cikin tari: "Ita kwamfuta daga sifiri take fara ƙirga. Na farko ba ta kiransa ɗaya."

Ya duba wayar. Kabarin farko, lambarsa sifiri.

Kunya ta kama shi har wuya. In ya yi shiru, tsoho zai hau mota hankali kwance, ba mai sani. Amma ruwan ya kusa rabi.

"Baba, dakata. Na yi kuskure. Na gaba ne."

Malam Isah ya ɗago a hankali. "Wannan fa, na wane ne?"

Hadi ya duba lamba uku. "Ba suna, Baba. Baƙo kawai aka sa."

Tsohon ya dubi ƙasar da ya jiƙa.

"To, shi ma wata ce ta haife shi."

Bai tashi ba. Da gwiwa ya matsa zuwa na gaba, ya karkata gorar a hankali don kada ta ƙare da wuri. Da suka juya za su fita, kabari biyu ne masu danshi a layin bakin katanga.