Ƙyallen Teburin Gunvor a Cikin Matsi

Wajen ƙarfe goma na dare na ji wani sauti daga rumfar aikina, kamar saniya tana ajiyar zuciyar da ba ta ƙarewa. Na daɗe kwance ina saurare, don ni irin wannan abu yana burge ni, har na fara zaton ko wata dabba ce ta shigo neman ɗumi. Matata Gunvor ce ta zungure ni, ta ce in tashi, ƙyallenta ne yake kuka.

Da gaskiyarta. Da yamma na haɗa wa jikarmu Runa allunan zamiya a kan dusar ƙanƙara, na sa su a matsi: roba a ƙasa, bakin ƙarfe, zaren gilashi, katako a tsakiya. A can sama kuma na shimfiɗa ƙyallen tebur da mahaifiyar Gunvor ta yi wa ɗinkin shuɗin furanni tun kafin a haife mu. Wata uku ina roƙon Gunvor kafin ta miƙo mini almakashi. Babu wani irinsa. In matsin ya saki kafin ƙaron da ke manne su ya kama, allunan za su fito da kumfa, ƙyallen kuwa ba zai sake ciruwa ba.

Matsina ba na kanti ba ne. Tsofaffin ƙarafa ne da tiyon 'yan kwana-kwana, wanda nake hura wa iska ya kumbura ya danne aikin. Tiyon ne ya huje kusa da bakinsa, allurar ma'aunin iska ta sauko rabi.

Maƙwabcina Torgeir ya hango fitila, ya tsallako da takalman daji a kan wandon barci. Shi ne ya yi mako guda yana yi mini tsiya saboda na sayi ƙaro mai jinkirin kamawa. Ya ce ƙaron tsofaffi ne, na masu tsayawa kallon gizo-gizo ana cikin aiki. Shi mai sauri yake sa wa nasa allunan, ya gasa su awa ɗaya ya wuce.

Ya dangwali abin da ya tsatso ta gefe, ya murza a yatsa. Yana nan kamar zuma.

"Kai tsoho," ya ce, "da nawa ka sa, da tuni ya sandare a karkace. Kawo tsohon cub ɗin keke."

Muka naɗe hujin, muka ɗaure da maƙalar ƙarfe biyu, muka sake hurawa. Allura ta hau, ta tsaya. Gunvor tana bakin ƙofa da butar kofi, ba ta tsiyaya wa kowa ba sai da ta ga allurar ta yi minti goma ba motsi. Ta kuma shaida wa Torgeir cewa in abin ya lalace, ya gyara mini wurin kwana a gidansa har bazara.

Shi ƙaro mai jinkiri ba ya son sanyi. Sai muka yaye bargon lantarki daga gadonmu muka lulluɓe matsin, muka yi kwana biyu muna barci da rigunan ulu. Ni sanyin bai dame ni ba. Nakan shiga rumfar in zauna ina shaƙar warin, ina tunanin yadda furannin suke nutsewa a hankali.

Ran Asabar muka buɗe. Na yanke gefuna, na goge. Furannin suka fito tar, kamar ana kallonsu ta cikin ƙoramar da ta daskare. Kumfa ɗaya ce tak a wutsiyar na hagu, kamar idon kifi, ni kam ta yi mini kyau. Gunvor ta bi su da yatsa har ta gano tabon kofin da mahaifinta ya zubar ranar bikinmu. Ta yi dariya, ta goge ido da bayan hannu, ta yanko mana burodi da cuku.

Torgeir ya ɗaga ɗaya, ya lanƙwasa shi a gwiwa, ya saki, ya gyaɗa kai. Ya dubi tudun bayan gida, inda duwatsu suke leƙowa daga cikin ƙanƙara.

"To yanzu," ya ce, "a cikinku wa zai bar Runa ta taka allunan nan a kan tudun can?"