Ɗakin Ƙasa Mai Rigar Siminti

Badung ya tuƙa tirela har kansa ya yi fari, kuma duk Anguwan Rukuba an san abin da yake taƙama da shi: gidansa na bulo, falo mai faɗi, tayil har bakin ƙofa. Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa. Matarsa Loyis ba ta zama a ciki.

Tana gama abin kari sai ta yafa bargo, ta bi ta ɓarakar shinge zuwa gidan maƙwabcinsu Gyang. Gida ne na jar ƙasa, ɗaki biyu kacal a kan tushen dutse, ga kabeji da dankali a gefe, ga duro yana tarar ruwan sama. Ta ce wurin Magadaliya take zuwa, matar Gyang. Badung bai musa ba. Sai dai bai manta ba cewa tun suna samari Gyang ne ya riga shi zuwa zance wurin Loyis.

Wata rana ya tambaye ta, "Maman Roseline, wai me ke cikin wancan akurkin da babu a nan?"

"Ɗumi," in ji ta. "A can gwiwata ba ta ciwo. Falon nan naka da firji duk ɗaya."

"Tayil ɗin nan daga Legas na ɗauko shi."

"To ka zauna ku yi hira da shi."

Rani na shiga Badung ya auna fili a bayan gida, zai yi mata nata ɗakin ƙasar. A al'ada gayya ake kira, maƙwabta su zo su taka ƙasa da karan acca, a ci, a sha, a tayar da bango. Badung ya ƙi, don gayya za ta kawo Gyang. Ya je Tina Junction ya ɗebo leburori. Da bango ya tashi kuma sai kunya ta kama shi: shi da ya zagaya ƙasar nan, a ce ya koma ginin ƙauye? Ya sa aka shafe shi da siminti ciki da waje, aka buga fenti, aka datse bakin kwano daidai bango irin na gidajen zamani.

Gyang ya leƙo ta kan shinge. "Oga direba, ƙasa ba ta shiri da rigar siminti. Kuma ka bar mata rufin ya ɗan zubo."

"Ka ji da kabejinka," in ji Badung.

Loyis ta tare. Ta daina tsallaka shinge. Badung yakan kafa kujera a ƙofar ɗakin, ya ƙara murya idan yana mata magana, don dai a ji daga can.

Damina ta zauna. Ruwa ya riƙa gangarowa ta kan bango yana shigewa bayan simintin, ya rasa hanyar fita. Wata Lahadi, mutane na dawowa daga coci, shafen ya ɓalle gaba ɗaya ya zube a kan tumatir ɗin Loyis. Ga jar ƙasa jiƙe sharkaf, kowa na gani.

Loyis ta fito da bargonta a kafaɗa.

"Ina zuwa?"

"Baban Roseline, ɗakin ya yi sanyi. Ka san inda zan je."

Ya dubi bangon, ya dubi ɓarakar shingen. Ya riga ta isa wurin.

"Gyang," ya kira, kamar mai haɗiye magani. "Asabar akwai gayya a gidana."

"Ta simintin ko ta ƙasar?"

"Ka zo dai."

Ranar Asabar maƙwabta suka zo, suka ɓamɓare ragowar simintin, suka ƙara tsawon kwano, bangon ya sha iska, sannan suka yaɓe shi da ƙasa da karan acca. Ɗakin ya dawo da ɗuminsa, Loyis kuma ta zauna a gida.

Sai dai ɗakin ya fi na Gyang faɗi. Yanzu kullum da la'asar Magadaliya kan shigo hira, mijinta na biye da ita. Gyang yakan shafa bangon da tafin hannu, ya ce, "Wannan gefen ni na yaɓe shi," Loyis ta yi dariya ta zuba masa shayi.

Badung ya sayi ƙaramin benci ya ajiye a tsakanin Gyang da Loyis, kuma bai ƙara fita da la'asar ba.