Bangon da Ke Ƙarƙashin Yaya

Da aka raba gado, Yaya ya ɗauki saman bene, aka bar wa Auta da mahaifiyarsa ƙasa. Uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa. Ba a daɗe ba Yaya ya gina banɗaki a sama, daidai saitin gadon Inna, mahaifiyar Auta.

Ruwa ya fara tsattsafowa. Filasta ta kumbura ta yi baƙi, katifa ta ɗauki wari, Inna ta kama tarin da ba ya jin magani. Auta ya hau sama ya yi magana, ya sake hawa, ya sake. Amsar ba ta canzawa.

"Sama tawa ce, ƙanina. Abin da ke ƙasa kuwa, kai ya dama."

Yana faɗa yana sakace haƙori.

Auta ya haɗiye fushinsa. Ya kai Inna gidan ƙanwarta, ya ce mata gyara za a yi. Sannan ya kira magini.

Maginin dattijo ne, gwiwa ta fara cin sa. Ya ƙwanƙwasa bangon da ya raba ɗakin Inna da falo, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban kankaren dekin da ya raba sama da ƙasa.

"Wannan kake so a cire?"

"Shi."

"Samari, ginin nan tsoho ne, kuma ban ga ginshiƙi ba. Wataƙila bangon nan ke ɗauke da sama, wataƙila ba shi ba ne. Sai an fasa a gani."

"To, fasa."

"Wa ke kwana a sama?"

"Mai sama."

Magini ya yi masa wani irin kallo. "Ni jikoki gare ni. A tokare da katako tukuna, ko in ɗau gudumata in ƙara gaba."

Aka tokare. Auta bai so ba, amma ba gawa yake nema ba. So yake ya ga mutum ɗaya ya sauko da ƙafarsa.

Guduma ta fara aiki. Kafin a cire layi biyu na bulo sai ga Yaya da singileti, kumfar sabulu a kunne.

"Kai! Ka haukace ne? Har gadona rawa yake!"

"Falo nake faɗaɗawa, Yaya. Inna na son iska."

"Gidan Baba za ka rushe?"

"Ƙasa tawa ce."

Yaya ya ruga ya ɗauko Baffa, ƙanin mahaifinsu, wanda ya yi rabon. Baffa ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Ranar rabo an faɗi mai sama, an faɗi mai ƙasa, ba wanda ya tuna da abin da ke riƙe da ɗaya a kan ɗaya. Ya ce su ji tsoron Allah, ya saka takalmansa ya fice.

"Ci gaba," in ji Auta.

Bulon tsakiya na fita, dekin ya yi wani gurnani. Tsaga ta taso daga kusurwa ta ratsa ɗakin, yashi ya zubo, katakon ya lanƙwashe. Magini ya yar da guduma.

"Shi ne! Wallahi shi ke ɗauke da shi! Kowa waje!"

A sama matar Yaya ta ƙwala ihu. Aka shiga sauko da kaya, tukwane, akwatuna, madubi. Auta ya jingina da ƙofar gida yana kallon Yaya ɗauke da katifa a ka, maƙwabta sun yi cirko-cirko. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Ya daɗe bai ji irinsa ba.

Yaya ya jefar da katifar, ya matso yana haki.

"Zan cire banɗakin. Yau ɗin nan. Ka mayar da bangon, don Allah, Auta."

"Sake faɗa. Ban ji ba."

Ya sake faɗa, a gaban kowa.

Magini ne ya katse su, yana kaɗe hularsa. "Wane bango kuma? Dekin ya karye. Sai an sauke saman gaba ɗaya. Kafin nan, ko akuya kada ta kwana a ƙasa."

Wayar Auta ta yi ƙara. Inna ce. Sai da ta gama tari ta yi magana.

"Auta, an gama gyaran? Gidan mutane ba ya kwantuwa. Ɗakina nake so."

Auta ya leƙa ta taga. Gadonta na nan, yashi ya rufe shi.

"Saura kaɗan, Inna," ya ce.